Ciwon Da Ba A Zuwa Dubiyarsa

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a cikin birnin Kano, 'ya'yana uku, sana'ata rubuta littattafan Hausa a waya ina sayarwa a WhatsApp. Na ɓoye sunana ne saboda dangina da dangin mijina, ba don ina jin kunyar abin da zan faɗa ba. A shekarar 2023, bayan haihuwata ta uku, na kamu da ciwon damuwa mai tsanani, irin wanda yake kama mace a jego. Allah ya ba ni lafiya ta hannun likita, kuma tun daga lokacin idon da nake kallon siyasa da waya da rubutun da nake ci da shi ya sauya.

Na haihu a watan Fabrairu, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, ya ce daga 10 ga wata tsofaffin sun daina aiki, sababbin kuma babu su a hannun jama'a. Duk wanda yake Kano a lokacin ya ga abin da aka gani. Layi a bakin banki tun kafin asuba, masu POS suna sayar wa mutum kuɗinsa, tiransifa ta maƙale, a cire maka a nan ba ta isa can ba. Daren da naƙuda ta taso mini, Malam, wato maigidana, yana da kuɗi a asusu amma ba shi da abin da zai miƙa wa mai adaidaita sahu. Maƙwabcinmu ne ya kai mu a motarsa. A asibiti aka rubuto safar hannu da auduga da ledar ruwa, ina kwance ina jiyo muryarsa a baranda yana roƙon mai kemis ya ba shi bashi zuwa safe. Na haifi 'ya mace lafiya lau. Kowa ya ce barka, ni ma na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa.

Gwaggona, ƙanwar babanmu, ita ta zo daga ƙauye ta zauna da ni. Safe da yamma a dafa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa mini har jikina ya yi laushi, ta gasa wa jaririya cibi, a dama kunun kanwa, a kawo farfesu da yaji. Ranar suna aka yanka rago, bashi aka ci amma an yanka. Ina jaddada wannan ne don a san ba a rage ni da komai ba. Ba ni da kishiya. Malam malamin sakandare ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Uwar mijina tana ji da ni. Da labari nake ƙirƙira, a wannan gaɓar sai na nemo mugun da zan ɗora wa laifi. A gidana babu shi.

Da barci abin ya fara. Jaririya ta yi barci, gida ya yi tsit, ni kuma idona biyu har a kira assalatu. Daga nan abinci ya fita kaina. Sai kuka wanda ba zan iya cewa ga dalilinsa ba, in shige banɗaki in toshe baki da gefen zani don kada Gwaggo ta ji. Wanda ya fi tsorata ni shi ne in ɗauki yarinyar nan in sa mata nono, in zuba mata ido, in laluba ƙirjina ina neman son da na ji wa yayyenta in rasa. Ga ta kyakkyawa, gashi kwance a goshi, ta damƙe yatsana da ɗan hannunta, ni kuwa kamar 'yar maƙwabta aka ba ni riƙo. In za a yi mata wanka sai in ƙi karɓarta, saboda zuciyata tana ta nuna mini ta suɓuce daga hannuna cikin baho. A sallah in tsaya ban san raka'a ta nawa nake ba.

A lokacin ina tsakiyar wani littafi na kuɗi, mata sun biya sun shiga guruf, kullum da daddare nake sakin shafi. Na ɗauka bayan suna zan ɗora. Sai in buɗe waya in kafa wa farin shafi ido, kalma ɗaya ta gagare ni, ni da nake rubutu ina tuƙa tuwo. Saƙonni suka yi ta shigowa. "Anti barka da arziki, yaushe za mu ji ci gaba?" Da aka kwana biyu murya ta sauya: "Haba Anti, kuɗinmu fa muka biya." Wata ta rubuta a guruf cewa haka marubutan yanzu suke, da sun tara kuɗi sai su ɓace. Haƙƙinsu suke nema, ban ga laifinsu ba. Amma kowane saƙo ƙara tabbatar mini yake yi da abin da zuciyata take raɗa mini, cewa na gaza a uwa, na gaza a mata, na kuma ci amanar mutane.

Duk wannan yana faruwa ne ana cikin zafin zaɓe. An yi na shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu, na gwamna ranar 18 ga Maris, azumi ya kama bayan 'yan kwanaki. Tunda barci ya ƙaurace mini, waya ce abokiyar hirata. In kwana ina bin Facebook daga wannan faɗa zuwa wancan, 'yan uwa ciki ɗaya suna zagin iyayen juna saboda jar hula da tsintsiya, ga bidiyon sara-suka, ga saƙon murya mai cewa gobe gari zai kama da wuta. Gari ya waye kaina ya yi nauyi, na ɗauki tashin hankalin jihar nan kaf na ɗora a kan nawa.

Innarmu da ta ga na rame ta zaunar da ni ta ce, "Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah. Wata shekara goma tana neman haihuwa, ke an ba ki lafiyayya kin zauna kina kuka. Wannan ai butulci ne." Ba mugunta ce ta sa ta faɗa ba, iya abin da ta sani ke nan, haka aka faɗa mata, haka ta ga an faɗa wa wasu. Gwaggo kuwa ta yanke cewa iska ce, tunda an taɓa ganina a tsakar gida da almuru babu ɗankwali. Aka shiga hayaƙi, aka kawo rubutu, aka shafe ni da man habbatus sauda. Daga baya Malam ya ɗauko wani mai ruƙiyya. Bawan Allahn nan ya yi karatu mai tsawo, na ji sanyin karatun, na yi kuka, amma babu abin da ya yi magana. Da ya gama ya ja Malam soro ya ce masa, "Ni ban ga alamar jinnu a tare da ita ba. Ku riƙe azkar, amma ku kai ta asibiti." Har gobe ina yi masa addu'a, domin da wani ne da ya yi ta zuwa yana karɓar kuɗi. Sai dai ba a tafi a lokacin ba. A Kano in aka ce asibitin ƙwaƙwalwa, Dawanau ce take faɗowa a ran kowa, kuma da sunan ake zolayar mutum tun muna yara. Malam ya ji tsoron a ce matarsa ta haukace. Ya ji tsoron ranar da za a zo neman auren 'ya'yanmu, a yi bincike a ce uwarsu ta taɓa zuwa can.

Bayan ƙaramar sallah abin ya kai inda nake jin nauyin rubutawa. Na fara gaya wa kaina cewa yaran nan sun cancanci uwar da ta fi ni, kuma in babu ni Malam zai auro wadda za ta kula da su. Tunanin ya zauna mini daram, har ya daina ba ni tsoro, kuma wannan rashin tsoron shi ne hatsarin. Wani dare ina zaune a bakin katifa, kowa yana barci, na danna wa yayata saƙon murya. Ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna. Ban tsara magana ba, na dai yi ta faɗa ina shessheƙa ƙasa-ƙasa, har da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ashe tana aikin dare. Nan take ta kira. "Ƙanwata, ki saurare ni. Wannan ciwo ne, kuma yana da magani. Ba ke kika ja wa kanki ba. Tashi Malam yanzu ki ba shi wayar." Na tashe shi. Ban san abin da ta gaya masa ba, na dai ga ya zauna a ƙasa ya dafe kai, bai sake komawa barci ba. Kafin azahar Yaya ta sauka a tasha.

Ita ta kai ni sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na wani babban asibiti a nan Kano. Na sa niƙabi don kada a gane ni. Da na zauna a benci sai na ga mutane ne irin waɗanda nake haɗuwa da su a gidan biki: wani dattijo da carbi, wata ɗaliba da jakar makaranta, wata mai goyo irina. Likitar mace ce, ba za ta girme ni da yawa ba. Ta ja kujera kusa da ni ta ce, "Malama, a makon nan da ya wuce, kin iya yin dariya yadda kika saba?" Tambayoyi goma ne a takarda, aka tsara su musamman don masu jego. Ta ƙarshen ita ce ko tunanin cutar da kaina ya taɓa zo mini. Ta yi ta ne kai tsaye, ba ta zaro ido ba, ba ta yi salati ba. Na ce eh. Ta rubuta, ta ce na kyauta da na faɗa.

Ta yi mana bayani ni da Malam. A lokacin ciki akwai sinadaran da suke ƙaruwa sosai a jikin mace, da zarar mabiyiya ta faɗo sai su sauka cikin 'yan kwanaki, ga rashin barci, ga jinin da aka zubar, ga kuma duk wata damuwar rayuwa da ta tarar da mace. Mata da yawa suna yin 'yan kwanaki na saurin kuka bayan haihuwa, ya wuce da kansa kafin mako biyu. In ya zarce haka, ya hana ci da barci da kula da kai, to ya zama ciwo. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana shiga irin wannan matsala bayan haihuwa. Na tuna taron sunan da na halarta a rayuwata, na tuna masu jegon da aka ce sun cika miskilanci, ko an ce ba su iya karɓar baƙi ba.

Ta ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya kullum, wadda mai shayarwa za ta iya sha. Da gangan na ƙi faɗin sunanta, domin na san halinmu, wata za ta aika yaro kemis. Ta ce sai an yi makonni kafin in ji canji, kuma ko na ji sauƙi kada in daina sai an ƙara aƙalla wata shida, in an zo dainawa ma a hankali za a janye. Ta ce wa Malam, "Maganin farko a hannunka yake. A sama mata barci." Daga ranar ya riƙa ɗaukar yarinyar bayan isha ya koma falo da ita, ba ya kawo ta sai za ta sha nono. Gwaggo ta yi ta mamakin namiji da goyo a kafaɗa.

Akwai kuma malamarmu ta Islamiyya, wadda ta zo duba ni da ta ji shiru. Na gaya mata ina tsoron imanina ne ya yi rauni. Ta buɗe Suratu Maryam ta karanta mini inda naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino ta ce ina ma ta mutu kafin wannan, ta zama abin da aka manta. Ta ce, "Wannan fa zaɓaɓɓiya ce a cikin matan duniya. Da ta faɗi haka, tsawa aka yi mata? Ce mata aka yi kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa, ga dabino, ki ci ki sha." Ta tuna mini hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Daga ranar na daina ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin filo.

Sauƙin a hankali ya zo. Barci ya fara dawowa, sannan na ji yunwa. Wata safiya ina canza wa yarinyar kaya ta yi atishawa, ta tsorata da atishawar kanta, ta ware ido tana kallona, sai na ji dariya ta kufce mini. Na ɗauke ta na rungume, abin da na daɗe ina lalube a ƙirjina na same shi yana nan.

A zuwa asibitin nan ne siyasa ta daina zama mini hira. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi, litar da farashin gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1000. Kuɗin adaidaita ya ninka, naira ta faɗi, magani ya bi ta. Albashin Malam bai motsa ba. Mu Yaya ta tallafa mana. Amma akwai wata baiwar Allah da muke haɗuwa a layi, daga wani ƙauye can wajen iyakar Jigawa take zuwa da mijinta manomi. Ta nuna mini yadda take raba ƙwaya biyu da reza don ta kai ta wata biyu. Daga baya na daina ganinta. Har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci, domin ciwonmu ɗaya, abin da ya raba mu kawai ni ina da yaya mai albashi kuma ina zaune kusa da asibiti.

Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma kullum wasu suna haɗa jaka su tafi Ingila ko Saudiyya. Manyan asibitocin wannan fanni a Arewa ana ƙirga su da yatsu, irin su na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, sai Dawanau. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma kasafin tarayya galibi a wajen kashi 5 yake yawo, abin da yake isa ga ƙwaƙwalwa daga ciki kuwa ɗan kaɗan ne. Inda babu likita, dole mutane su nemi wani wajen. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, 'yan makonni bayan nan aka fasa wani a Daura. Kowa ya la'anci masu gidajen, kuma sun cancanta. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can da hannunsu har suna biyan kuɗi, wace ƙofa gwamnati ta buɗe musu suka ƙi shiga?

Wata guda kafin in haihu, a Janairun 2023, Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Kafin ita, da dokar 1958 ake aiki, ta zamanin Turawa, wadda abin da ta fi sani shi ne a tsare mutum. Sabuwar ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da asusun kuɗi, ta kuma ba marar lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Na yaba, abu ne mai kyau. Sai dai matar nan mai reza ba ta ga komai daga ciki ba. Sannan a dokar Penal Code da ake aiki da ita a jihohin Arewa, sashe na 231, wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya tsira ana iya ɗaure shi har shekara guda. Ni Musulma ce, na san girman wannan zunubi, ban kuma ce a sassauta faɗinsa a kan mumbari ba. Amma na san halin da mutum yake ciki a wannan gaɓar, domin na leƙa ta. Tsoron 'yan sanda ba ya hana shi, danginsa kawai yake hanawa su kai shi asibiti. Majalisar Ghana ta cire wannan hukunci a 2023, kuma ina ganin lokaci ya yi da namu za su duba.

Akwai wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa a gidajen biki, ta matan aure masu shan maganin tari. A 2018 gwamnati ta haramta mai kodin a ciki bayan rahoton BBC, aka yi ta wa'azi a kan lalacewar mata. Ban ce duka ba, amma na yi imani da yawansu barci suke nema, irin wanda na nema na rasa. Da ƙawar banza ce ta riga Yaya isowa gare ni, ban san inda zan kasance yau ba. Kuma 'yan siyasar da suke hawa duro suna kukan shaye-shaye, kowa a unguwa ya san wanda yake saya wa yaran da suke rakiyar motarsu ƙwaya ranar kamfen.

Waya kuwa ba zan zage ta ba, da ita na kira ceto, da ita nake ciyar da kaina. Amma na sa mata iyaka. A daren 3 ga Disamban 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, mutum 85 aƙalla suka rasu. Washegari hotunan gawarwakin yara suka cika kowane guruf, har na 'yan ajinmu na sakandare. Na buɗe ɗaya, daren nan ban runtsa ba, na ji duhun nan yana neman dawowa. Ya kamata a san abin da ya faru, a nemi haƙƙin waɗanda aka kashe, amma tura gawar ɗan wani cikin wayar mai jego ba neman haƙƙi ba ne. Na fita daga guruf-guruf da yawa, na hana bidiyo sauka da kansa, kuma bayan isha wayata a kicin take kwana. Abin da ya fi ƙona mini rai su ne masu tallan magani a TikTok, waɗanda za su lissafa alamomin ciwon damuwa ɗaya bayan ɗaya, rashin barci, faɗuwar gaba, ƙuncin rai, su ce sammu ne, a turo kuɗi a karɓi turare. Sun san alamomin sarai, shi ya sa kasuwarsu take ci. Na kuma ji wasu 'yan mata suna cewa da ChatGPT, manhajar nan ta waya mai mayar wa mutum magana, suke hira in dare ya yi musu tsawo. Ban hana ba, ya fi shiru. Amma a gaya wa mutum mai rai ma, wanda zai iya shiga mota ya zo.

Da na dawo rubutu na fara ƙarasa wa matan nan littafinsu, na ba su haƙuri, na gaya musu rashin lafiya na yi. Sannan na zauna na dubi sana'armu. An daɗe ana zargin littattafan Hausa da ɓata tarbiyya, a 2007 har ƙona su aka yi a bainar jama'a a nan Kano, kuma gaskiya akwai na batsa a intanet yanzu da ni ma ba zan bar 'yata ta karanta ba. Amma akwai wata ɓarna da babu mai magana a kanta. A littattafanmu da fina-finanmu, in mace ta zauce to kishiya ce ta binne laya, ko uwar miji ta je wajen boka. Za ta yi ta yawo a bola da tsumma har a kusa ƙarshe, a tono layar, ta yi atishawa ta warke. Yarinyar da ta tashi tana karanta wannan, ranar da ƙunci ya kama ta a ɗakin mijinta, wa za ta fara zargi? Gidaje nawa aka raba a kan ciwon da ƙwaya da barci da kulawa za su warkar?

Sai na rubuta labarin wata amarya da ta haihu a gidan da kowa yake son ta, ta kamu da abin da na kamu da shi. Babu boka, babu kishiya. Na sake shi kyauta. Wasu suka ce labarin ba shi da armashi tunda babu makirci. Amma akwatin saƙona ya cika. Mata daga Zariya, daga Gusau, daga Maraɗi da Damagaram, har wata daga zangon Kumasi, kusan duk da kalma ɗaya suke farawa: "Anti, wallahi ni ce." Wata ta ce shekara bakwai ke nan ba ta yi wa kishiyarta magana ba saboda ta ɗauka ita ta yi mata. Wani magidanci ya karɓi wayar matarsa ya rubuto, "Hajiya, don Allah wane asibiti zan kai ta?" Ni ba likita ba ce, kuma haka nake gaya wa kowa. Abin da nake iya cewa shi ne in ya wuce mako biyu a je asibiti a faɗi komai ba tare da ragewa ba, in kuma tunanin mutuwa ya shigo, ko mai jego ta fara jin muryoyi ko ta rikice, a ranar za a tafi, kada a bar ta ita kaɗai.

Ban tsammanin za mu samu likitan ƙwaƙwalwa a kowace ƙaramar hukuma nan kusa. Amma a Harare ta ƙasar Zimbabuwe an horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar ƙananan asibitoci, mai damuwa ya zo ya zauna su saurare shi, su taya shi warware matsalarsa, wanda abinsa ya yi tsanani su miƙa shi gaba, kuma bincike ya nuna yana aiki. Mu muna da waɗanda suka fi kowa kusa da mai jego: ungozoma, da gwaggonni masu wankan jego, da malaman Islamiyya mata. Gwaggona ta fi kowa ganin halin da nake ciki, ita ce take jin motsina da tsakar dare. Da an taɓa gaya mata alamomin, da ita za ta fara cewa a tafi asibiti. Yanzu ma ita ce ta sa aka kai wata jikar maƙwabciyarta a ƙauye.

Sannan kowace mai jego tana kai jariri rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14. Ana auna yaro, a ɗiga masa, a yi masa allura, a rubuta a kati, uwar da ta goyo shi kuwa babu mai ce mata yaya barcinki. Mu 'yan Islamiyyarmu mun je wajen shugabar asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu da tambayoyin nan goma, muka roƙa a riƙa yi wa iyaye mata ranar rigakafi. Ta karɓe mu hannu bibbiyu, ta ce ita ma ta sha ganin irinsu, amma ma'aikatanta biyu ne a kan layin mata fiye da yadda za su iya, kuma sai an ba ta izini da horo daga sama. Mun rubuta takarda mun kai sakatariyar ƙaramar hukuma, muna jiran amsa. Mun kuma buga kwafi da yawa mun ajiye a wajen malama, domin 2027 tana tafe, kuma 'yan takara ba sa rasa zuwa wajen mata da atamfa da taliya. Mun yi shawara duk wanda ya shigo, ko wace jam'iyya ya ɗauko, za a miƙa masa ɗaya, ya karanta a gabanmu ya faɗi abin da zai yi a kai, mu ɗauka a waya.